Yawon buɗe ido na bunƙasa a duniya: me ya sa baƙi suka daina bi ta Assamakka?

A shekarar 2024, sau kimanin miliyar 1 da miliyan 400 aka lissafa shigar baƙi masu yawon buɗe ido cikin ƙasashen da ba nasu ba, a cewar hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da wannan fanni, wadda ke da mazauni a birnin Madrid. A shekarar 1950 adadin bai wuce miliyan 25 ba. Ke nan cikin shekara 74 an ninka shi fiye da sau 50.

Amma a Assamakka, ƙauyen da ke bakin iyakar Nijar da Aljeriya, lissafin baya ya yi. Shekaru 40 da suka wuce, da zarar sanyi ya shigo, Turawa kan jera motocinsu gaban ofishin ƴan duwan suna jiran a buga musu hatimi su wuce Arlit da Agadez. Yau babu su babu dalilinsu. Mafi yawan baƙin da ke shigowa ta wannan ƙofa yanzu ƴan ci-rani ne da Aljeriya ke korowa, wasunsu a ƙasa, ba kuɗi ba waya. Labarin wannan hanya na nuna yadda sana'ar yawon buɗe ido take tafiya, da wanda ke riƙe da makullinta.

Wane ne ɗan yawon buɗe ido, kuma me ya sa suka yi yawa?

A lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya, ba Bature mai kyamara a wuya kaɗai ake nufi ba. Duk wanda ya bar inda ya saba zama, ya kwana aƙalla dare ɗaya a wani wuri, bai kai shekara ba, kuma ba aikin albashi ya je yi can ba, yana cikin lissafi. Alhajin da ya tafi Umra yana ciki. Ɗan kasuwar Maraɗi da ya je Dubai saro kaya yana ciki, haka ma wanda ya je Alƙahira ganin likita.

Abubuwa uku ne suka haɗu suka kawo wannan yawa. Na farko shi ne hutu da albashi. A Faransa, sai a 1936 doka ta ba ma'aikata hutun mako biyu ana biyansu, aka yi ta ƙarawa har ya kai mako biyar a 1982. Na biyu shi ne jirgin sama: tun da Boeing 747 ya fara jigila a 1970 yana ɗaukar mutum fiye da 350 a tashi ɗaya, kuɗin tikiti ya yi ta sauka, daga baya kuma intanet ta sa mutum na iya kama ɗakin otel a wata nahiya daga wayarsa. Na uku shi ne ƙaruwar masu abin hannu a Asiya. A 2019 kaɗai, ƴan ƙasar Sin sun yi tafiya zuwa waje sau kimanin miliyan 155.

Kafin annobar korona, ƙungiyar manyan kamfanonin wannan sana'a ta ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin 100 na arzikin duniya, da aiki ɗaya cikin kowane goma, na da alaƙa da tafiye-tafiye. Da annobar ta zo a 2020, adadin baƙi ya faɗi da fiye da kashi 70 cikin 100, amma cikin shekara huɗu ya koma kusan inda yake.

Sai dai rabon ba daidai yake ba. Turai ce ke karɓar fiye da rabin baƙin duniya, Faransa ita kaɗai tana samun kimanin miliyan 100 a shekara. Afirka, idan aka cire Masar, ta samu kusan miliyan 74 a 2024, wato kashi 5 cikin 100, kuma miliyan 17 da dubu 400 daga ciki Maroko suka je. A wasu biranen Turai ma abin ya yi yawa har ya zama damuwa: birnin Venis na Italiya ya fara karɓar yuro 5 daga masu shiga na yini ɗaya a watan Afrilun 2024, mazauna Basalona kuma sun yi zanga-zanga a watan Yulin wannan shekara saboda baƙi sun sa kuɗin hayar gida ya fi ƙarfin ɗan gari.

Lokacin da Assamakka ke ƙofar shiga

A shekarun 1970 da 1980, hanyar Tamanrasset zuwa Agadez na cikin manyan hanyoyin ratsa Sahara. Matafiyi kan sa motarsa a jirgin ruwa daga Marseille zuwa Aljas, ya bi kwalta har Tamanrasset, daga nan ya shiga rairayi na kusan kilomita 400 zuwa In Guezzam, garin ƙarshe na Aljeriya. Yana tsallaka iyaka sai Assamakka, mai tsohon barikin soja da rijiyar da ruwanta ke warin farar wuta. A takarda ƙauyen na ƙarƙashin Ingal ne, amma hulɗarsa da Arlit ta fi yawa, don nan ne gari na farko bayan tafiyar kimanin kilomita 200.

Arlit a lokacin sabon gari ne. An kafa shi a 1969 saboda ƙarfen uranium, kamfanin Somaïr ya fara haƙa a 1971, Cominak kuma a Akokan a 1978. Akwai lantarki, da asibiti, da kantuna cike da kayan Turai, har wasu na yi wa garin laƙabi da ƙaramar Paris. Wajen 1980 aka gama kwaltar da ta haɗa shi da Agadez da Tawa. Ga wanda ya kwana biyu yana haƙar yashi ƙarƙashin taya, isa Arlit tamkar fita daga rijiya ne.

Da yawa cikin waɗannan matafiya matasa ne daga Faransa da Jamus da Holan, waɗanda ke sayen tsohuwar Peugeot 404 ko 504, wadda aka fi sani da Fijo, su ratsa hamada da ita, su sayar a Arlit ko Agadez ko Yamai, kuɗin ya biya musu tikitin jirgin komawa gida. Dillalai kan tare su tun daga bakin gari. Ba duka ke isa ba. Gawarwakin motoci sun daɗe a yashe a kan hanyar, kuma akwai waɗanda suka ɓace ƙishirwa ta kashe su.

Tseren motoci na Paris zuwa Dakar ne ya kai sunan yankin gidajen Turawa. Karo na farko ya tashi ranar 26 ga Disamban 1978 da motoci da babura 182, ya biyo ta Tamanrasset ya shigo Nijar ta wannan hanya ta Assamakka da Arlit da Agadez, 74 kawai suka kai Dakar. A 1983 tseren ya ratsa Tenere karo na farko, guguwar yashi ta ɓatar da ƴan tsere kusan 40 na ƴan kwanaki. Talabijin ta nuna wa miliyoyin mutane tuddan rairayi da duwatsun Abzin, kowa ya so ya gani da idonsa.

A Agadez, Mano Dayak ya buɗe kamfanin Temet Voyages, ya yi aiki da wanda ya ƙirƙiro tseren, Thierry Sabine, wasu kuma suka bi sahunsa. Abin nunawa kuwa ba ya ƙarewa: hasumiyar babban masallacin Agadez mai tsawon mita 27 da aka gina da laka, lambunan Timiya, zanen raƙuman dawa na Dabous da ke kan dutse tsakanin Arlit da Agadez, wanda babban cikinsu ya haura mita 5, da ayarin gishiri na Bilma. A 1991 hukumar UNESCO ta sa gandun Abzin da Tenere, mai faɗin eka miliyan 7 da dubu 700 a ma'aunin hekta, cikin kayan tarihin duniya.

Wa ya ci riba, wa ya ɗauki asara?

Ko a shekarun da kasuwar ta fi ci, baƙin da ke zuwa jihar Agadez ƴan dubbai ne a shekara, abin da birnin Paris ke karɓa cikin ƴan sa'o'i. Amma a yankin da fari na 1973 da na 1984 suka ƙare wa makiyaya dabbobi, waɗannan ƴan dubbai sun riƙe gidaje masu yawa.

Rukuni ɗaya na baƙi goma da zai yi mako biyu a daji yana buƙatar motoci kat-kat uku ko huɗu da direbobinsu, da ɗan jagora, da kuku, wani lokaci da masu raƙuma. Kafin su tashi an sayi mai, da burodi, da nama, da kayan lambu. In sun dawo, maƙera na jiransu da sarƙoƙin azurfa na Agadez, mata da kayan dukanci da tabarmi. Makanikai, masu otel, masu gadi, da samarin da ke bin baƙi suna haɗa su da masu kaya, kowa na samun rabonsa daga Oktoba zuwa Maris. Ɗan makiyayin da ya san rijiyoyi da taurari ya samu inda zai sayar da iliminsa.

To amma kaso mafi tsoka ba ya sauka a Nijar. Baƙo kan biya kuɗinsa gaba ɗaya a Paris ko Milan, kamfanin jirgi ya cire nasa, kamfanin da ya tallata tafiyar ya cire nasa, abin da ya rage shi ake turo wa ajans ɗin Agadez ya raba. Haka abin yake a yawancin ƙasashe matalauta masu karɓar baƙi.

Akwai kuma ɓarna. An kwashe kan kibau da gatura na dutse da mutanen dā suka bari a Tenere, an sayar ko an tafi da su cikin jaka. Wasu direbobi kan bi barewa da mota don baƙo ya ɗauki hoto har ta galabaita. A ƙauyukan kan hanya yara sun koyi miƙa hannu suna cewa "kado". Tseren Dakar kansa, cikin shekarun da ya yi a Afirka, ya kaɗe mutanen ƙauye a ƙasashe daban-daban, har da yara.

Yadda kasuwar ta watse

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Ba a rana ɗaya raɓar ta bushe ba. Tawayen Abzinawa da ya taso a farkon shekarun 1990 ya tsayar da komai, a daidai lokacin da yaƙin basasar Aljeriya, daga 1992, ya toshe hanyar arewa. A wannan shekara UNESCO ta sa gandun Abzin da Tenere cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. Cikin shugabannin tawayen har da mutanen wannan sana'a: Mano Dayak, wanda ya rasu a haɗarin jirgin sama ranar 15 ga Disamban 1995, da Rhissa Ag Boula, wanda ya yi aiki a Temet Voyages.

Bayan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilun 1995, kasuwar ta farfaɗo, amma da sabon salo. Baƙi suka daina ratso hamada da mota, suka koma sauka kai tsaye a filin jirgin Agadez da jiragen haya, musamman na kamfanin Point-Afrique. Rhissa Ag Boula ya zama ministan yawon buɗe ido daga 1997 zuwa 2004. A 1998 Alphadi ya yi bikin nuna tufafi na FIMA karo na farko a Tigidit. Agadez ta samu, amma Assamakka da Arlit sun riga sun fita daga hanyar yawancin baƙi.

Alamun tsoro ba su gushe ba. A shekarar 2000 masu shirya tseren Dakar sun kwashe motoci da jiragen dakon kaya daga Yamai zuwa Sabha ta Libiya don kauce wa arewacin Nijar. A 2003 aka sace Turawa 32 a hamadar Aljeriya. A watan Fabrairun 2007 ƙungiyar MNJ ta kai hari Iferwan, tawaye na biyu ya fara, aka binne nakiyoyi a hanyoyin Abzin. A 2008 aka soke tseren Dakar baki ɗaya, ya koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya. Ranar 16 ga Satumban 2010 aka sace mutum bakwai masu alaƙa da Areva da Satom a cikin garin Arlit, huɗun ƙarshe ba su fito ba sai Oktoban 2013. Ranar 23 ga Mayun 2013 aka kai harin ƙunar baƙin wake a barikin soja na Agadez da ma'aikatar Somaïr. Wata ɗaya bayan haka UNESCO ta sa tsohon birnin Agadez cikin kayan tarihin duniya, a lokacin da babu mai zuwa kallo.

A nan ne ake gane inda makullin yake. Ma'aikatar harkokin wajen Faransa, kamar takwarorinta na Turai, tana da taswirar da take shafa wa launi. Da zarar ta shafa wa yanki ja, kamfanonin inshora kan janye, kamfanin tafiye-tafiye ba zai sayar da tikiti ba don kada a kai shi kotu, jirgi kuma ba zai tashi babu fasinja ba. Shawarar da aka yanke a ofis a Paris tana iya kashe kakar shekara guda a Iferwan, ko da ba a harba harsashi ko ɗaya a can ba. Shafa jan launi na ɗaukar yini ɗaya, goge shi kuwa shekaru. Bayan kisan ma'aikatan agaji shida ƴan Faransa da ƴan Nijar biyu a Kure ranar 9 ga Agustan 2020, an shafa wa ƙasar duka ja, ban da Yamai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Air France ta daina zuwa, ofishin jakadancin Faransa kuma ya rufe. A 2025 an sace Turawa mata biyu a cikin garin Agadez.

Ina direbobin suka koma?

Baƙi sun tafi, amma motoci da sanin hanya suna nan. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, hanyar Libiya ta buɗe, kowace Litinin jerin motocin Hilux na tashi daga Agadez cike da ƴan ci-rani. Cikin direbobin akwai waɗanda dā Turawa suke ɗauka. A 2014 aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten, wasu suka koma jigilar masu haƙa da ruwa da abinci.

Dokar 2015-36 ta 26 ga Mayun 2015, wadda aka fara aiki da ita sosai a 2016 da goyon bayan Tarayyar Turai, ta mayar da jigilar ƴan ci-rani laifi. An kama motoci, an ɗaure direbobi. A idon mutanen Agadez da dama, Turai ta rufe musu kasuwa sau biyu: ta hana ƴaƴanta zuwa, sannan ta hana a ɗauki masu tafiya wajenta. Hukumomin soja sun soke dokar a watan Nuwamban 2023. A Arlit kuwa, rufe Cominak ranar 31 ga Maris ɗin 2021 ya raba ma'aikata kusan 600 da aikinsu, ban da na ƙananan kamfanonin da ke yi mata aiki.

Assamakka, mai mazauna kimanin 1,500, ita ce ke ɗauke da nauyi mafi girma. Ƴan Nijar da aka koro ana kawo su cikin manyan motoci har gari. Ƴan sauran ƙasashe kuwa ana sauke su a wurin da ake kira Point Zéro, su taka kilomita 15 cikin rairayi. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ƙirga mutum fiye da 4,600 da suka iso a ƙasa tsakanin 11 ga Janairu da 3 ga Maris na 2023. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ce fiye da mutum 30,000 aka koro a 2024, adadin da ya ninka na masu yawon buɗe ido na shekarun albarka sau da yawa. Cibiyar hukumar OIM kan cika ta batse, ruwa da magani su yi ƙaranci. Babu ɗayansu da ke cikin lissafin miliyar 1 da miliyan 400 ɗin nan.

Ko akwai hanyar dawowa?

Maƙwabta sun nuna abu ne mai yiwuwa. A Muritaniya, bayan shekaru na ɗaukewar baƙi, Faransa ta sassauta launin yankin Adrar a 2017, a watan Disamban wannan shekara jirgin haya daga Paris ya sake sauka a Atar. A Aljeriya, jirgi kai tsaye daga Paris zuwa Janet ya dawo a ƙarshen 2022, daga 2023 kuma ana ba masu zuwa kudancin ƙasar biza a filin jirgi idan sun biyo ta ajans. A wuraren biyu abubuwa uku ne suka haɗu: shekaru ba tare da hari ba, jirgin da ke sauka kusa da hamada, da takardar shiga mai sauƙi. A yanzu arewacin Nijar ba shi da ko ɗaya a cike.

Amma akwai wani adadi da ya kamata masu tsara manufa su duba. A duniya, kusan baƙi huɗu cikin biyar a yankinsu suke yawo, ba sa tsallaka teku. Agadez kuwa ta dogara ne kan kasuwa ɗaya mai nisa, shi ya sa da Turawa suka ɗauke ƙafa babu wanda ya maye gurbinsu. Alhali bikin Bianu a Agadez, da taron makiyaya na Cure Salée a Ingal cikin watan Satumba, da bikin Abzin a Iferwan suna tara jama'a daga cikin ƙasa da maƙwabta. Kano, wadda UNESCO ta karrama hawan sallarta a watan Disamban 2024, ta yi ƙarnoni tana cinikin gishiri da fata da baƙin yadi da Abzin, kuma tana da masu kuɗin da ke zuwa hutu Dubai da Alƙahira. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Irin wannan baƙo ba ya duba taswirar Paris kafin ya tashi, amma yana duba hanya, kuma kwaltar Tawa zuwa Arlit ta lalace har tafiyar yini ta zama ta kwana. Babbar hanyar Aljas zuwa Legas, wadda ta ratsa Assamakka da Arlit da Agadez da Damagaram da Kano, ita ce za ta iya sauya lissafin idan aka kula da ita kuma aka tsare ta.

Lokaci kuma ba ya jira. Direban da ke da shekara 25 lokacin da tseren farko ya wuce ta Assamakka yau ya haura 70. Yaron da aka haifa a Arlit a 2007 ya kai shekarun jefa ƙuri'a bai san kakar baƙi ba sai a bakin iyayensa. Maƙera da dama sun kwashe kayan aikinsu zuwa Yamai da biranen gaɓar teku, inda masu saye suke. Duwatsun Abzin da zanen Dabous za su jira ko shekara nawa ne. Waɗanda suka san hanyar zuwa wajensu ba tare da na'ura ba su ne ke raguwa.